Jar Riga Ta Koma Koriya

A shagon buga riguna da ke bayan tasha akwai wani tsoho, Mai Baƙin Allo ake ce masa, don bai taɓa yarda da linzamin kwamfuta ba. Shi dai a ba shi baƙin allo ya rubuta umarni.

Aikinsa ɗaya ne, amma ya riƙe shi kamar sarauta. Masu zane kan kawo launi a lamba uku na lissafin goma-goma, ita kuwa tsohuwar na'urar bugawa sai lissafin sha shida, wanda bayan tara sai a shiga haruffa. Layi guda yake rubutawa da wani yaren kwamfuta mai suna awk, lambobi su juye, sannan ya yi maza ya share allon kada wani ya leƙa. Rowar ilimi ke nan, ba wani suna.

Autarsa tana ɗaukar oda a shagon, kuma kujerar uban take so ta gada.

"Baba, koya min mana."

"Ina kike sauri, Auta? Ai ban mutu ba."

Bai mutu ba, amma ido ya gaji. Ranar da wata ƙungiyar ƙwallo ta kawo aikin jajayen riguna, ko harafi ba ya gani. Dole ya zaunar da ita, ya tsaya a kanta yana faɗa tana bugawa.

Riguna suka fito koraye shar, launin abokan hamayyarsu sak. Mai shago ya ɗora hannu a ka. Tsoho kuwa ya wanke Auta tas a gaban ma'aikata, ya ce hannunta ba na wannan aiki ba ne. Ta tashi ta koma ɗaukar odarta. Kafin wata ya ƙare ta sami aiki a wani gari, kujera ta tafi hannun bare.

Bayan ya ajiye aiki, wata rana yana zaune a tsakar gida, yatsunsa na buga layin a gwiwa kamar yadda suka saba, sai ya ji sun taɓa sifili da biyu kafin harafin x. Su ne ke sa kowace lamba ta cika gurbi biyu. In babu su, ƙaramar lamba ta zo guntuwa, sauran su zame, ja ya koma kore. Yatsu sun san wannan, baki bai taɓa faɗa ba.

Kunya ta rufe shi. Ya sa matarsa ta kira masa Auta a waya.

"Auta, ranar nan... ban faɗa miki sifili da biyu ba."

"Na sani, Baba. Shekara nawa ina leƙen yatsunka? Na ga babu su."

"To me ya hana ki sa?"

"Ka ce in buga abin da ka faɗa kawai. Kuma kowa na kallonmu. Ta yaya zan gyara maka a gabansu?"

Yana nan riƙe da wayar, ta ce ana jiranta a wurin aiki.