Hannun Kawu

Duk sanda injin niƙan maƙwabtanmu ya tashi da safe, sai babban yatsana na dama ya kama zugi, wanda bel ɗin inji ya cinye rabinsa. To zauna, mai karatu, in kawo maka ƙarar kawuna, ko da yake ya riga ya tafi inda sammaci ba ya zuwa.

Ina aji huɗu, malamai na yabona, ya zo gidanmu a Tudun Wada wata damina ya ce wa mahaifiyata, "Bokon ya isa haka, injina ba mai tsaro." Shi ke nan. Sa'o'ina suka zama malamai da ma'aikatan asibiti, ni kuwa na zama farfesan dusa.

Shekara talatin ina riƙe da mutumin nan a ƙirji kamar garwashi. Cocinmu ɗaya, ga kuma al'adarmu ta Katolika: ana cikin Mas, Fada zai ce a ba juna hannun salama. Nan fa na ƙware. In Kawu ya zauna dama, ina hagu. In ya yi gaba, ina bakin ƙofa wajen masu goyo. Na je furta zunubi, Fada ya ce in yafe. Na ce, "Fada, yatsunka goma cif, shi ya sa."

Wata Lahadi muka makara, benci ya cika, matata ta ja ni ta dasa kusa da shi. Da gangan ta yi, har gobe ba ta amsa ba. Lokacin idonsa ya riga ya tafi. Da aka zo hannun salama, na ce to, in miƙa in janye, ina zai gane ni? Ashe kamawa zai yi. Ya shafa, ya shafa, har ya iso kan dungun.

"Kai ne?"

"Ni ne, Kawu."

"Na cuce ka, ɗan ƙanwata."

Ka ji rashin adalci! Jawabin da na shekara talatin ina wasawa, ko kalma ɗaya ban samu na faɗa ba. Kuka na yi, da gemuna, a gaban matan zumuntar coci. Na fito ƙirjina sakayau, har na rasa abin saƙawa a hanyar gida.

Yanzu yaran cocinmu ba sa miƙa hannu, sai ɗan rusunawa daga nesa, wai tsafta. Ni dai nakan cafke na kusa da ni, in matse shi da rabin yatsan nan. Wa ya sani, ko shi ma akwai wanda yake gudu.