Tiren Agushin da Ba Mu Gama Ba

Ranar Asabar bayan la'asar muke kallon fim, ni da maƙwabciyata, wata 'yar kudu mai sayar da agushi. Mukan jingina waya da kofi, mu sa tire a tsakiya muna ɓara. Tiren ne alƙalinmu. Idan muka gama shi kafin fim ya ƙare, to fim ɗin bai riƙe mu ba. Wani na Indiya da muka kalla kwanan baya, tire biyu muka gama.

Makon jiya babbar 'yata ta kawo wani da aka ɗauka a Tafa. Tela ce, ita ta ɗinka kayan matan ciki, karonta na farko. Ta san ba na yabo don kara, shi ya sa ta zauna bakin ƙofa tana satar kallon hannuna.

Gaskiya an ja labarin, kuka kuma ya yi yawa. Amma da jarumar ta fito cikin koriyar atamfa, na gane wuyan rigar, irin wanda na koya mata a tsohon kekena.

Da aka gama ta ce, "Umma, yaya?"

Maƙwabciyata ta ɗaga tiren tana dariya. "Ke ba ki da ido ne? Mamanki ko rabi ba ta ɓare ba. Ran Litinin me zan kai kasuwa?"

Na ce, "Su dai rage kuka. Mayar mana baya wajen koriyar nan, in sake gani."