Ranar da Direba Ya Kashe Mini Janareta

A shekarun da aka fara Shari'a a jiharmu, daga Magama har cikin Maraɗi babu kwamfutar da ta kai tawa kiyaye lokutan salla. Ba ni na koya mata ba. Shagona ne ke manne da bangon masallacin tasha, kuma sharaɗi ɗaya dattawan masallaci suka gindaya mini ranar da na kama haya: da ladan ya buɗe baki, janareta ya rufe nasa. Ban yi musu ba, domin janaretan nan ƙarami ne a ido, amma in ya tashi, 'yan duwan, wato kwastan na tsallaken iyaka, sai sun yi wa juna ihu kafin su ji magana. Wutar gwamnati kuwa baƙuwa ce, takan leƙo mu gaisa ta wuce.

Kwamfutar 'yar kwatano ce, ta shigo ta Maraɗi cikin kwalin taliya. Manhajar da ke tafiyar da ita Linux ce, wadda masu ita suka yarda kowa ya kwafa ya ba wani. A lokacin kuwa komai sai an tambayi halaccinsa, har lemon kwalba, don haka duk wanda ya shigo buga takarda ko juya kaset sai na nuna masa faifan manhajar na ce, "Alhaji, wannan ba na sata ba ne. Tawa tun daga faifanta halal ce." Aibinta ɗaya. Kamar tsohuwa take mai ninke tufafi a adaka: in za ka kashe ta, sai ka yi mata sallama, ka jira ta kammala ninki ta rufe. In ka yanke mata wuta haka nan, kayan sai su watse, ta tashi ba ta san na wane ne wane ba.

Na san maganinta. Ladanmu kafin ya yi kira sai ya bubbuga lasifika da yatsa, ya yi gyaran murya mai tsawo kamar zai tayar da tirela. Ina jin bugun nan zan rubuta mata umarnin kwanciya, ta kwanta, in fita in murɗe janareta daidai da kabbarar farko. Ban taɓa kuskurewa ba.

Mu uku ne masu wannan manhaja a duk yankin, kuma mukan haɗu a bencin ƙofar shagona ranar kasuwa. Akwai wani Kirista ɗan Filato, ma'aikacin lafiya mai duba katin rigakafi a bakin iyaka, muna ce masa Oga. Shi baƙin allo kawai ya sani, haruffa farare, ba hoto ba ado. In ya ga na kama maus sai ya ce, "Malam, har yanzu da cokali ake ba ka abinci?" Sai kuma wani malamin makaranta daga Maraɗi, wanda tasa kwamfutar da Faransanci take magana, kuma ya yi imani duk matsalar duniya sake saka manhaja ke maganinta.

"Firintata ta ƙi bugawa," in ji ni wata rana.

"Goge komi, ka sake sakawa," in ji malamin Maraɗi.

"Kai in akuyarka ta yi tari, sabuwa kake saya?"

"In an ba ni ita kyauta cikin faifai, mi zai hana?"

Oga kuma tambayarsa ɗaya ce a rayuwa. Ko ce masa ka yi matarka ta haihu, zai ce barka, sannan ya ce, "Ina kwafinka na ko-ta-kwana?" Ni kuwa amsata ba ta canzawa: kwamfutar da ke kwanciya da kiran salla, ta tashi bayan sallame salla, wace masifa ce za ta same ta?

To, wata ranar kasuwa da hantsi wani direban kamiyo, wato babbar motar kaya, ya shigo, mutumin Maraɗi, dogo, mai hanzari kamar ana korarsa. Ya ciro kaset daga aljihu, a naɗe cikin ƙyalle da leda. Mahaifinsa ya tafi Makka tun shi yana saurayi, ya zauna can, can kuma Allah ya karɓi abinsa. Kafin rasuwar ya yi magana cikin wannan kaset ya aiko wani alhaji da shi. Ba su da hotonsa. Muryar nan ce kaɗai ta rage, kuma tsohuwarsu takan sa a kunna mata duk azumi.

"Malam, an ce kana maida kaset bisa faifai. Kaset ɗin ga ya tsuhwa, ina tsoron ya lalace."

Na ce masa ya zo wurin da ya dace, ko muryar kakan kakansa ce zan fito da ita tas kamar jiya aka yi ta. Na haɗa rediyo da kwamfuta, na rage sauti don kada in ji sirrin gidan mutane, na juye kaset ɗin kaf. Na miƙa masa abinsa, na ce ya dawo da la'asar, kafin nan na cire shuuu ɗin da ke ciki na buga masa a faifai.

Bai kai la'asar ba ya dawo, fuska a jiƙe, hannunsa ɗauke da wani abu kamar taliyar da aka dafa da baƙin mai. Ashe ya ce bari ya kunna kaset ɗin sau ɗaya na ban-kwana a rediyon motarsa. Rediyon ta haɗiye zaren, shi kuma maimakon ya jira, ya sa sukundireba ya finciko. Ko masaƙan Jibiya duka aka tara ba su mayar da zaren nan.

"Kwantar da hankalinka," na ce. "Tsohonka yana nan ciki, a zaune, lafiyarsa lau. Ga shi ina goge masa ƙura."

Oga da malamin Maraɗi suna kan benci suna musu a kan wace manhajar rubutu ce ta mutanen kirki. Ni na gama gyaran sauti, na danna ajiya, kwamfuta tana tsakiyar rubutawa, fitilarta tana ƙiftawa. Sai ladan ya bubbuga lasifika. Ban damu ba, na san tsawon gyaran muryarsa, zai ishe ni. Abin da ban sani ba, direban nan ya sha yin salla a masallacin tasha, ya san sharaɗin janareta, kuma mutum ne mai son lada. Kafin in juya ya daka tsalle ya fice.

Ɗif.

Ya dawo yana murmushi yana karkaɗe hannu. "Na hutasshe ka, Malam. Na kashe shi."

Oga ya dafe kai da hannu biyu. Malamin Maraɗi ya ja salati. Direba ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Mi ya hwaru?"

"Babu komai," na ce. "Tsohonka ka rufe wa ƙofa yana tsakiyar shiga ɗaki. Mu je mu yi salla, mu dawo mu ga inda ya faɗi."

Bayan salla na tayar da janareta na kunna ta. Ta fara tashi kamar abin arziki, sai ta tsaya, ta zubo rubutu a baƙin allo, ta ce kayan cikinta sun hargitse, ba za ta ƙara taku ɗaya ba sai mai gida ya shigo da kansa ya duba. Akwai umarnin da ake ba ta ta bi diskin cikinta, wato rumbun ajiyarta, lungu-lungu ta gyara, amma gyaran nata irin na mai shara ne: abin da ba ta gane ba tana iya zubarwa.

"Ba ta umarnin, duk abin da ta tambaya ka ce i," in ji malamin Maraɗi. "In ya ƙi, mu goge mu sake sakawa."

"Mu goge wa?" in ji direba.

"Ba kai ba. Zauna."

Oga ya riƙe mini hannu. "Kada ka taɓa ta. A kwafe diskin nan gaba ɗaya tukuna, yadda yake da hargitsinsa, a yi gyaran a kan kwafin. In ya ɓaci, na asali yana nan." Sai kuma ya kasa daurewa. "Af, Malam, ina kwafinka na ko-ta-kwana?"

"Yana cikin jakarka, Oga. Hau babur ka ɗauko."

Ya tafi masaukinsa ya dawo da diskinsa a naɗe cikin safa. Amma kafin mu fara ya dubi rana ya dubi kwamfutar, ya ce wannan tsohuwa ba za ta gama kwafa kafin magariba ba, kuma in aka sake yanke mata wuta a tsakiya, komawa farko za mu yi. Ga ladan ba a ce masa jira. Ga sharaɗin dattawa, wanda ko da wasa ba zan karya ba.

Nan ne aka ga amfanin kaina. Na ce sharaɗin bai ce kwamfuta ta mutu ba, ya ce kada masallata su ji janareta. Na sa direba ya ja kamiyonsa can ƙarshen tasha, bayan masu lodin doya. 'Yan dako suka ɗauki janareta suka jefa cikin bodin motar, muka kewaye shi da buhunan dusa. Sai waya. Na bi maƙwabta, mai walda ya ba da tasa, mai ƙanƙara ya ba da tasa, mai aski ya cire ta fankarsa. Muka yi ta ƙullawa da salatif har wayar ta kai. Da a miƙe aka ja ta, wallahi da ta haskaka garin Riko. Aka tayar da janareta, na tsaya jikin bangon masallaci na kasa kunne: sai wani ɗan zuuu kamar sauro a garin maƙwabta.

Oga ya rubuta umarnin kwafa, ya karanta shi a fili, malamin Maraɗi ya sake karantawa, domin in ka juya wanda za a kwafa da wanda za a zuba a ciki, ka binne tsohon da hannunka. Sannan Oga ya danna. Direba kuwa na zaunar da shi kan benci, na ɗora masa butar alwala a kowane hannu, na ce in ya ajiye ɗaya ban yafe ba.

Da aka kira magariba muka shiga sahu, Oga ya zauna gadi, ido ɗaya kan allo, ɗaya kan waya, da sanda a hannu saboda awaki. Direban ne kusa da ni a sahu. Ban taɓa jin mutum ya ja amin da ƙarfi irin na ranar ba.

Muna fitowa Oga ya ce ta gama. Na zauna, na naɗe hannun riga, na ba ta umarnin gyara a kan kwafin. Ta fara tambaya: ga wani abu ba shi da uwa ba shi da uba, in adana? Na ce i. Ga wani kuma? I. Malamin Maraɗi ya ce, "To, ba abin da na ce ke nan ba tun ɗazu?" Oga ya ce, "Ka ce, amma a kan wuyan wani."

Wurin da na ajiye aikin direba babu komai, wayam. Direba ya zame daga benci ya zauna a ƙasa. Na ce masa ya tashi, ba a gama ba. Manhajar nan tana da wani ɗaki da take zuba tsintuwa, duk abin da ta samu yana yawo ba suna sai ta jefa can, ta liƙa masa lamba. Na buɗe ɗakin, ga su nan birjik, ba ka sanin kowanne sai ka kunna.

Na kunna na farko. Kalangun bikin wata 'yar garin Farfaru ya ɓarke, a bayan masallaci, mutane ba su gama watsewa ba. Mu uku muka yi tsalle kan lasifika. Malamin Maraɗi ya rufe ta da hularsa. Na biyu wa'azi ne, muka ɗan saki jiki har muka ƙara sauti don maƙwabta su ji irin aikin da muke yi. Na gaba ba sauti ba ne ma. Sai na ce mu bi girma, domin kaset guda cur ba ƙaramin kaya ba ne. Na zaɓi mafi nauyinsu na danna.

Shuuu ya fara fitowa. Wanda na gyara ya tafi, wannan juyin farko ne da ƙurarsa. Sai tari. Sai wata murya ta dattijo, a hankali, ta yi sallama.

Direba ya matso da gwiwoyinsa har jikin tebur. Na kai hannu zan rage sauti mu ba shi wuri, ya girgiza kai. Tsohon ya gaida matarsa, ya gaida 'yan'uwa, ya tambayi gona da rijiya, ya bi 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya yana sa musu albarka. Da ya iso kan direban sai muryar ta ɗan yi dariya, ta ce, "Kai kuma, ina ji an ce mota kake koyo. Allah shi tsare. Amma ka rage saurin hannun ga naka. Abin da ba a ce ka taɓa ba, ka bar shi."

Oga ne ya fara fashewa da dariya. Malamin Maraɗi ya faɗo daga benci. Direba yana hawaye yana dariya yana cewa, "Na ji, Baba. Wallahi na ji."

Na buga masa faifai, na buga na biyu na tsohuwarsu, Oga ya tsaya a kaina sai da na buga na uku na ajiye. Na tambayi direba ko in sake cire shuuu ɗin, ya ce in bar shi, da shi tsohuwa ta saba.

Kasuwar da ta zagayo ya dawo da batirin kamiyo a kafaɗa. Muka haɗa shi da wata tsohuwar na'urar riƙe wuta da malamin Maraɗi ya tsinto a gwanjo, ta yadda ko an kashe janareta kwamfuta za ta samu sukunin ninke kayanta. Direban ya zama ɗan majalisarmu, duk da bai san ko harafi ɗaya na abin da muke musu a kai ba. Amma duk sa'ad da ladan ya bubbuga lasifika, zai tura hannayensa biyu ƙarƙashin cinyarsa ya zauna a kansu, ya dube ni ya ce, "Malam, ta kwanta?"