Baƙar Ƙasar Inna

Ranar wata Talata ce, a rani na biyu bayan soja sun miƙa wa farar hula mulki, ina 'yar shekara goma sha ɗaya ko sha biyu, na sauke bokitin kunu a ƙofar wani sabon gidan gwamnati da ake gamawa can gaba da Jabi. Lokacin Jabi ƙauye ne, ba tasha ba kanti, sai tifofi da ke ta kai da kawowa. Leburori na shan kunu, ni kuwa idona na kan wani dattijon gadina mai kula da shuke-shuken gidan, Baba Ilu, yana ta kwarara ruwa a kan ciyawar da aka dasa a tsakar gidan. Ciyawa fa, wadda muke nomewa mu zubar, ita ake shayarwa da tiyo kamar jaririya, kuma duk da haka ta yi ja ta ƙanƙance. Na kwashe da dariya na ce, "Baba, wahalar banza kake yi. Ƙasarku yunwa take ji." Ya ce, "Ke 'yar nan, wa ya aiko ki? Oga ya kawo takin zamani buhu-buhu daga Legas, sai ke mai tallan kunu ce za ki koya mana?" Leburori suka yi mini ihu. Ni kuwa tun ina ƙarama ba a ƙure ni in yi shiru.

Abin da ya ba ni baki yana bayan ɗakin Innarmu. Babanmu Bazazzage ne mai tireda, Inna kuwa Bagwariya ce, noma a jininta yake. Tana da ɗan fili, bai fi shimfiɗar tabarma ashirin ba, wanda ta fara kiwonsa tun kafin a haife ni. Kiwo na ce, don haka take kiransa. Kullum da safe aikina ne in kwashe tokar murhu, in share kashin awaki, in haɗa da ƙaiƙayi da ɓawon doya da ruwan wanke-wanke in kai can. Mu tona rami mu binne, mu rufe da busasshen ganyen ɗorawa, wani sa'in ta sa in daka ƙasar suri in barbaɗa. Ƙawayena na gaɗa, ni ina can hannu dumu-dumu, in na yi ƙorafi ta ce, "Ba a barin ƙasa tsirara a rana." Ƙasar nan ta yi baƙi wuluk, ka dunƙule ta tsakiyar rani ka ji sanyi da damshi, tsutsar tana na wutsil-wutsil a tafin hannunka. Kowa miyarsa ta koma kuka da busasshiyar kuɓewa, mu muna cin ɗanyen alayyafo da yalo da ban-ruwan guga biyu kacal.

Washegarin ihun nan na saci ƙwarya guda ta ƙasar na kai wa Baba Ilu, na zuba da hannuna a lungu ɗaya na rufe da ganye. Kafin sati uku lungun nan ya yi kore shar, sauran tsakar gidan na nan ja. Oga da kansa ya sa aka kira ni, ya tambayi inda na samo. Ban tsaya kwatance ba, gaban tifa na shiga na kai su har ƙofar gidanmu, ina ɗaga wa ƙawayena hannu.

Inna ta tafi itace. Babanmu ya ga babban mutum tsaye a bakin tiredarsa, sai ya ce, "Ƙasa kawai, ranka ya daɗe? Ku ɗiba, Allah ya ba mu da yawa." Kafin la'asar shebur ya kankare wurin har jar ƙasa, alayyafo na zube a gefe yana yaushi. Inna ta dawo da itace a kafaɗa, ta tsaya ta daɗe. Ba ta doke ni ba, da ta doke ni da na huta. Ta ce, "Kin gaya musu abin da take ci?" Na ce a'a. Ta ce, "To kin kai ta ne ta mutu."

Haka kuwa aka yi. Shekara biyu ciyawar oga na sheƙi, ana yankewa a share a ƙone, ba toka ba ganye, a ta uku ƙasar ta yi fari ta tsattsage. Inna ta sake farawa daga tokar murhu, amma ƙarfi ya tafi, har Allah ya yi mata rasuwa filin bai sake yin baƙi ba.

Yau ina Kurudu. Damina na makara, rana ta ƙara zafi, a manyan unguwanni tankoki ne ke shayar da ciyawa, mu kuwa muna jiran mai ruwa da jarkoki. Kwanan baya jikata ta sayo mini baƙar ƙasa a leda wurin masu furanni a bakin titi, wai in shuka barkono. Na shinshina, ba ƙamshin komai. Na sa mata albarka na karɓa. Wa zan gaya wa na taɓa ba da tifa guda, don kawai a daina yi mini dariya?