Bangon da Baba Rugugi ya koya wa magana

Mai Zaƙin Murya, kai ka raba Baba Rugugi da jitarsa. Kada ka ce direbanka ne, direba ɗan aike ne, inda aka nuna masa nan yake zuwa. Kai ka turo shi ya ce za a kai ta gyara, ga shi damina ta shigo ta fita, jita ba ta dawo ba. Ni ban yi boko ba, da baki nake faɗa ana rubutawa, kuma na ce kada a rage mini ko gishiri. Amma koma gefe ka jira ni tukuna. Ba don kai na zauna ba. Sai na gama da mutumin kirki zan dawo kanka.

Ga wanda bai san shi ba, Baba Rugugi makaɗin bes ne, wato babbar jitar nan mai dogon wuya da tsarkiya huɗu, wadda ake tsayawa da ita can baya kusa da mai ganguna, inda fitila ba ta kaiwa. Tun gashinsa yana baƙi yake kaɗa wa mawaƙin nan Mai Zaƙin Murya, har ya koma fari fat. Bango ɗaya ne ya raba ɗakinsa da namu, a gidan haya mai dogon baranda.

Da hantsi, in ya karya kumallo, sai ya shimfiɗa tsumma a cinya, ya kwantar da jitar kamar mai shirin yi wa jariri wanka, ya bi tsarkiyoyin ɗaya bayan ɗaya yana gogewa. Ba siraran nan ba ne da yaran yanzu ke tsalle a kansu. Nasa masu kauri ne, babbar cikinsu ta kusa kai wayar da nake shanya a kai. In sun sha gumi har amonsu ya dushe, sai ya kwance su, ya naɗe, ya jefa a tukunya ya tafasa. Matarsa ta leƙo ta ce, “Malam, yau ma romon waya za mu sha? In sa gishiri?” Shi kuma ya ce, “Ƙara da barkono, ko sa farka daga barci.”

Daga nan ya jona ta da lasifika, ya rage amo ƙasa-ƙasa don kada ya dami maƙwabta, ya rufe ido. Abin da bai sani ba a lokacin shi ne, kiɗansa ba ta kunne yake bi ba. Ta ƙasa yake bi. Ya ratsa siminti, ya hau bango, ya gangaro cikin bahon wankina, ruwan ya riƙa yin zobe-zobe kamar wani yana hura shi daga ƙarƙashi. Cokula su yi ta hira a cikin kwano. Ƙurar da ke yawo a hasken taga ta tsaya cak, sannan ta fara lilo a hankali.

Auta, ’yata ta ƙarshe, da kurumta ta zo duniya. Ko tsawa ta faɗi a tsakar gida ba ta waiwaye. Tana rarrafe, wata safiya tana ta tsala kuka na rasa yadda zan yi da ita, sai kuka ya ɗauke ɗif. Ga ta can ta manna kumatu da bango, baki buɗe, ido waje, kamar wadda aka kira sunanta karon farko.

Baba Rugugi ya ji ana dukan ƙofarsa, ya buɗe a tsorace, ya gan ni da kumfa har gwiwar hannu.

“Yaya, na dame ku ko? Yanzun nan zan kashe.”

“In ka kashe, ni da kai ne. Ƙara!”

Ya biyo ni ya leƙa ɗakinmu. Ya daɗe a tsaye yana kallon yarinyar. Ya koma nasa ɗakin, ya ja lasifikar nan mai nauyin jaki, ya juya fuskarta ta kalli bangonmu. A nan ta zauna har yau, ko sharar matarsa kewaye ta take yi.

Haka Auta ta girma da bayanta jingine da bango. Da ta iya magana da hannu, sai ta fara ba mu labarin abin da take samu a can. Ta ce babbar tsarkiya shanu ne ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa, ba sa gaggawa, ba sa gajiya. Ta kusa da ita hadari ne da ke nesa, wanda ƙanshinsa ke riga shi isowa. Ƙaramar kuwa ƙuda ne kawai, ba ta da lokacinta. Wani lokaci barci ya kwashe ta a nan zaune, ta tashi ta ce bangon ya buɗe ya zama kogi, ita tana cikin kwalekwale, wani babban kifi yana tafe a ƙarƙashi yana ɗaga ta yana saukewa. Baba Rugugi yakan zauna a baranda tana zana masa wannan da hannu, yana gyaɗa kai kamar ɗalibi gaban malami. Ya taɓa ce mini duk tsawon zamansa a kiɗa, ba wanda ya taɓa gaya masa abin da yake kaɗawa sai ita.

To, tsarkiya mai kauri ba ta da tausayi. Danna ta sai an yi da gaske, ja ta sai an yi da gaske. Kan yatsunsa ya yi kanta kamar diddigen manomi, gaɓoɓin suka fara yi masa zogi in gari ya yi sanyi. Likita ya ce ya koma sirara. Mai Zaƙin Murya ma ya ce, “Sa sirara mana, ka riƙa gudu kamar ’yan zamani. Wannan gurnanin naka wa ke jin sa?” Ya ji maganarsu ya sauya. Yatsu suka sami sauƙi, har yana dariya shi kaɗai, yana zuba gudu daga kan wuyan jita zuwa gindinta.

Yana cikin wannan daɗi aka tura ƙofa. Auta ce, lokacin ta fara tasawa. Ta dafa ƙirjinta, sannan ta buɗe masa tafin hannu, wayam. Ta nuna ƙasa, ta yi alamar ƙaho da yatsu, ta kaɗa kai. Shanun sun tafi.

Kafin azahar ya kwance siraran, ya mai da masu kauri. Matarsa ta ce, “Yatsun naka fa, Malam?” Ya ce, “Ni goma gare ni. Ita bangon nan kaɗai gare ta.” Bai sake sauyawa ba. Ko Mai Zaƙin Murya bai taɓa gaya wa dalili ba, ya bar shi yana ce masa mai taurin kai.

Ba ni kaɗai ce shaida ba. Mai ganguna, abokin tsayuwarsa a baya, ya ba ni labarin wani wasa da suka yi da rana tsaka a fili, jama’a maƙil. Ana tsakiyar rawa wani ya taka wayar bes ta zare. Ya ce wallahi kamar an janye tabarma daga ƙarƙashin mutane. Masu rawa suka fara harɗe ƙafa suna kallon juna, mawaƙi ya rasa inda zai ajiye baitinsa, ya juyo yana hararar mai ganguna, don ba wanda ya san abin da ya ɓata. Baba Rugugi ya sunkuya ya mai da waya, ƙasa ta dawo ƙarƙashin kowa, fili ya ɗauki tafi. Wa aka tafa wa? Mai Zaƙin Murya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Baba Rugugi, kai ne turken da ba a gani sai an tuge shi. Kai ne ka tsaya a duhu kana riƙe da ƙasa don wasu su yi rawa a haske. A hotunan ƙungiya, wuyan jitarka kawai ke fitowa ta bayan kafaɗar wani, ba ka taɓa cewa a matsa ba. Kai ne ka ba da yatsunka ga ’yar maƙwabta, ba dangin iya ba na baba, kuma ba ka taɓa zama a baranda ka faɗa wa kowa ba. Yau na faɗa a madadinka, ka yi haƙuri.

Auta ta yi aure, ta zama tela, a ɗakina take wuni da kekenta, ƙafarta na taka feda daidai da bango. Da ta haihu na yi ta tunanin yadda za ta rarrashi ɗa, ita da ba ta taɓa jin waƙa ba. Rannan yaron yana kuka, ta ɗora shi a ƙirji, ta rufe baki, sai ga wani amo yana fita daga cikinta, mai zurfi, mai tsawo, kamar daga ƙasan rijiya. Yaro ya yi luf. A ɗaya ɗakin Baba Rugugi ya tsai da hannu. Ya saurara, sannan ya taɓa babbar tsarkiya a hankali. Amon ɗaya ne, ko gashi bai raba su ba. Matarsa ta ce ta same shi yana share ido da tsumman goge jita, ya ce mata barkonon romon waya ne.

Bayan wannan ne direba ya zo. Da aka gaji da jira aka aika tambaya, amsar da ta dawo ita ce jitar kayan ƙungiya ce, tsoho ya yi nauyin hannu, ya huta. Ko takowa Mai Zaƙin Murya bai yi ba. An ci moriyar ganga an yar da kwaurenta. Ɗan ’yar’uwarsa ya damƙa wa jitar, yaron ya ɗaura mata sirara. Mai ganguna ya ce tun ranar zizar sauro take yi, don wuyanta ya saba da jan masu kauri, ramukan da tsarkiya ke kwanciya a ciki sun yi wa siraran yawa. Ita ma ta san hannun da ya rene ta.

Yanzu da hantsi Baba Rugugi yana shimfiɗa tsumma a cinya kamar kullum, ba abin kwantarwa a kai. Yatsunsa da suka lanƙwashe suna ta danna iska. A namu ɓangaren Auta takan dafa bango kafin ta hau keke, ta jira, ta janye hannu. Ruwan bahona ya kwanta shiru kamar na randa. Shekaranjiya na wuce ta ƙofarsa, na gan shi ya ture lasifika gefe kaɗan, ya manna tafin hannunsa da bango, ido rufe. Auta ce ke rarrashin ɗanta a ɗaya gefen. Shanun yake saurare.

Mun gode, Baba Rugugi. Allah ya saka maka da alheri, ya sanyaya maka yatsu, ya jiƙan mahaifa. Ku kuma masu sana’a, in kun ga wani yana jingine da aikinku, ku juya lasifikar ta kalle shi kamar yadda ya yi, ko da ba mai tafa muku.

Na dawo kanka, Mai Zaƙin Murya. Ka ce jitar kayan ƙungiya ce. To, juya ta ka duba bayan wuyanta, inda fenti ya goge har katako ya yi rami. Sa babban yatsanka a ramin. In ya zauna daidai, riƙe ta, taka ce. In bai zauna ba, ka ɗauko ta da hannunka, ban da direba, ka cire mata wayoyin sauron nan, ka kawo ta wannan baranda da hantsi. Auta za ta tsaya a gabanka ta buɗe maka tafin hannu. Ba ta jin zaƙin murya, don haka kada ka wahalar da kanka da daɗin baki. Ka zo ka gaya mata inda ka kai shanunta.