Gwiwar Hannun Yallaɓai Sai-Gobe

Da zarar ya zauna a ofis, yakan dasa gwiwar hannun dama a kan tebur, ya ɗora haɓa a tafin hannu. Shekara ashirin da biyu a haka, har fentin teburin ya goge a wurin. Shi ne shugaban sashenmu. Muna ce masa Sai-Gobe, don ita ce amsar da duk takardar da ta shiga ɗakinsa take samu.

Akwai wata mata da ke buga mana takardu, Yaya muke kiranta. Yatsunta uku, babban da biyun da ke binsa, sun fara mutuwa, kofin shayi ma yana suɓuce mata. Likita ya ce bugu ne ya matse jijiya a wuyan hannunta, in ba a yi mata aiki da wuri ba, hannun zai tafi. Ta rubuta neman hutun sati shida.

"Yaya, ke ma da raki," in ji Sai-Gobe. "Ni nan ƙaramin yatsana da na kusa da shi kullum kamar ana tsira musu allura. Aiki ne. Kin ji na yi kuka?"

"Ban ji ba, ranka ya daɗe."

"To, sai gobe."

Shi dai bai jira gobe ba, ranar ya tafi asibiti. Direbansa, wanda ya riƙe masa jaka har cikin ɗakin wata likita, shi ya ba mu labari. Likitar ta auna sukari, ta duba wuya, lafiya lau. Ta ƙwanƙwasa gwiwar hannun, ya zabura.

"Yallaɓai, kana yawan jingina a kanta?"

"Ina yawan sa hannu a takardu."

"Sa hannu ba ya kama waɗannan yatsun biyu. Ka riƙa ɗaga ta daga tebur, zai wuce."

Ya dawo ya ce mana gajiyar aiki ce. Ya sa aka sayo masa ƙaramin matashin da zai riƙa ɗora gwiwar hannun a kai.

Yaya ta ajiye aiki bayan wata takwas. Yanzu 'yarta ce take ɗaura mata ɗankwali.

Da ya yi ritaya, ni aka sa na kwashe teburin. Takardarta tana ƙarƙashin matashin, ta yi laushi. Ya rubuta kwanan wata, da kyakkyawan rubutu kuwa. Wurin sa hannun ne bai kai ba.