Ranar da Kawu Ilu Ya Auna Sabon Filin Ƙwallo

Duk wanda ya san Kawu Ilu a cikinku ya san ba ya shiga gidan mutum ya fita bai leƙa murhu ba. Ko barkar haihuwa ya je, kafin a kawo masa ruwa ya yi sallama da matan gida ya nufi madafa. Zai tsuguna, ya ɗebo toka, ya murza ta da yatsu biyu, ya ɗaga sama yana dubawa, sannan ya yanke hukunci.

"Wannan ta kara ce, uwar gida. Ba ta da nauyi. Iska ɗaya ta kwashe ta."

Idan kuwa ta icce ce mai kyau, fara sol, to ranar nan maigidan ya yi asarar buhu, don Kawu ba ya yawo da nasa.

Shekara arba'in da wani abu yana zana layin filinmu na 'Yan Tsamiya da tokar nan, nan bayan unguwa inda tsohuwar tsamiyar take. Babu wanda ya naɗa shi, babu kuma wanda ya isa ya sauke shi. Ni Habu, ɗan ƙanwarsa, na tashi na tarar da shi yana yi, na buga ƙwallo a kan layinsa, gwiwa ta gaji na koma sakataren ƙungiya, shi yana nan da gwangwaninsa na madara mai huji bakwai a gindi.

Kun tuna shekarar da shugabanmu Alhaji Sabo ya je Kano ya sayo ɗan keken zuba farar ƙasa? Ya kawo shi cikin farin ciki, har da taro aka yi. Kawu ya zagaya keken sau biyu, ya taɓa tayar, ya ce, "Madalla, Alhaji, Allah ya saka da alheri." Muka ce yau dai tsoho ya sauko. Washegari da hantsi sai ga shi ya ratsa kasuwa yana tura keken, cike da dusar ragonsa.

Alhaji ya ce, "Haba Malam Ilu! Na layi ne fa!"

"Ai a layi nake tura shi, Alhaji. Duba baya ka gani, ko karkata bai yi ba."

Sai ranar da muka yi wasa da mutanen Gagarawa cikin damina. Ana daf da hutun rabin lokaci ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ya wanke layi tas. Ruwa na ɗaukewa alƙalin wasa, wani baƙo mai sabon wando, ya hura usur a ci gaba. Kawu ya shigo tsakiyar fili da gwangwaninsa.

Alƙalin ya ce, "Baba, fita mana, wasa ake yi!"

"A ina?"

"A fili mana!"

"Nuna mini shi. Ni dai fako nake gani."

Wallahi haka 'yan wasa ashirin da biyu suka zauna gindin tsamiya suna jira, shi kuwa yana bin gefe a hankali yana kaɗa gwangwani. Alƙalin da kansa ya ƙare da riƙe masa buhu.

To, akwai wata al'ada ta filinmu da baƙi ba su sani ba. Da kaka ba a wasa, don filin masussuka yake komawa. A tuge turakun raga, a jibge dammunan gero, a yi ta sussuka har a gama. In an share, Kawu ne zai sake fitar da fili. Zai jingina bayansa da tsamiya, ya ce bismillah, ya tafi yana ƙirgawa da ƙarfi: taku ɗari da ashirin tsawo, saba'in da biyar faɗi. Inda ya tsaya nan ake kafa turaku. Ba igiya, ba tef. In ka yi magana ya ce, "Ƙafar nan ta riga tef zuwa Gumel."

Kuma a filin nan, ku shaida ne, ba a cika cin mu ba. 'Yan Maigatari su zo da dogayen 'yan wasansu masu gudu, kafin su ɗau wuta sun tsinci kansu a waje. Mu kuwa muna ta cewa baiwa ce.

Da aka gama sabon filin can bayan gari, kan hanyar Maigatari, aka ce ƙungiyarmu za ta koma can, kowa ya yi murna ban da ni. Fili ne mai katanga da rumfa da kujeru, ciyawarsa ta roba, layinsa kuma a jikin ciyawar yake, fari fat, ba ya gogewa. Ma'ana aikin Kawu ya ƙare. Kwamiti ya zauna, kowa ya sunkuyar da kai, daga ƙarshe Alhaji Sabo ya ce, "Habu, kawunka ne. Kai za ka gaya masa."

Sati uku ina zuwa gidansa ina dawowa da maganar a bakina. Mutumin da matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna nesa, abin da ke tashinsa da safe layin nan ne. Tsoro nake kada in faɗa masa ya kwanta. Da na yi ƙarfin hali na fara kwatanta masa ciyawar, sai ya katse ni.

"Ba a ba ta ruwa?"

"A'a, Kawu."

"Akuya ba ta ci?"

"Ba ta ci."

"To ai tabarma ce. Ku je ku yi ta birgima, ni ba inda za ni."

Ana cikin haka aka yi atisayen farko a can. Minti ashirin, 'yan wasanmu suka zube suna haki. Koci Garba ya je ya sami injiniyan da ya yi aikin, ya ce an yi wa filin ƙari. Injiniya ya ce awon duniya ne, ko taƙi bai ƙara ba. Sai Koci ya ari tef ɗin, muka lallaɓa tsohon fili ni da shi da rana tsaka, lokacin Kawu na masallaci. Muka auna, muka sake aunawa. Jama'a, filinmu ya gaza da kusan kashi ɗaya cikin huɗu! Ƙirgen Kawu bai taɓa canzawa ba, takun ne ya yi ta raguwa da shekaru, turaku suna matsowa kaɗan-kaɗan duk kaka, ba wanda ya lura.

Koci ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Ni kuwa na kama hannunsa. Na ce, "Garba, don girman Allah, maganar nan ta mutu a nan." Raba Kawu da aikin ma ya ishe ni, balle a ce masa shekara da shekaru yana yin sa ba daidai ba.

Ranar buɗe fili, manyan baƙi sun cika rumfa, saura kaɗan a fara, sai na hango a-daidaita-sahu ya tsaya a bakin ƙofa. Kawu ya fito da farar rigarsa ta Juma'a, direban na biye da shi da buhun toka a ka. Alhaji Sabo ya damƙi hannuna. "Habu, in ya zuba abin nan a kan ciyawar nan, ni da kai sai dai mu tsallaka iyaka."

Na ruga. Kafin in isa ya kai bakin ciyawar, ya tuɓe takalmansa ya ajiye su gefe a jere.

"Kawu, ba a zuba..."

"Rufe mini baki. Wa ke zuba toka bai auna ba?"

Ya jingina bayansa da ƙarfen raga, ya ce bismillah, ya fara. Ɗaya, biyu, uku. Ina biye da shi kamar wanda za a yanke wa hukunci. Ɗari da goma sha tara. Ɗari da ashirin. Ya tsaya cak. Ɗaya ragar tana can gaba, da sauran tafiya mai yawa.

Ya dubi ragar. Ya juya ya dubi inda ya taso. Sannan ya sunkuya ya daɗe yana kallon ƙafafunsa.

"Habu."

"Na'am, Kawu."

"Filin ne ya yi tsawo, ko ƙafar ce?"

Na so in yi masa ƙarya, Allah ya sani, amma ban iya ba. Na ce, "Da tef suka auna, Kawu."

Kafaɗunsa suka fara rawa. Na ce shi ke nan, na kashe tsoho a gaban jama'a. Ashe dariya ce! Dariya yake har da hawaye, yana dafa ni.

"Ja'irai! Ashe duk kofunan nan da kuke ɗagawa kuna hura hanci, ni na ci muku su!" Ya share ido, ya matso kusa da kunnena. "Kada wanda ya gaya wa 'yan Maigatari."

Ban san lokacin da na sauke wata irin ajiyar zuciya ba. Sati uku ina ɗauke da abin da shi ya sauke cikin minti ɗaya. Ya ɗaga wa direban hannu ya ce a kai buhun gonar da ke bayan katanga, kada a yi asararsa. Sannan ya ce, "Riƙe ni mu ƙarasa. Ba a barin fili a tsakiya." Muka taka har ɗaya ragar, hannunsa cikin nawa, bai ƙara ƙirga ko ɗaya ba. Rumfa kaf ta miƙe tsaye.

An ci mu uku da nema ranar nan, kuma babu wanda ya kai Kawu jin daɗi. Daga nan bai sake fashin wasa ba, yana kujerar gaba yana yi wa 'yan wasa ihu su buɗe ƙafa, har ciwon da ya kwantar da shi bara.

Allah ya jiƙan Kawu Ilu, ya gafarta masa kurakuransa, waɗanda ya sani da waɗanda bai sani ba. Allah ya haskaka makwancinsa, ya yalwata masa shi iyakar ganin idonsa. Amin.